Kafin ka sayi baƙin kwanon nan Yaya, ji yadda ake rufi a Teksas

Salam Yaya, ya gida ya su Hajiya, ya kuma fama da gini. Na ga hotunan, Masha Allah har an ɗora linta, Allah Ya sa a shiga lafiya. Amma na ga samfurin kwanon da ka zaɓa, baƙin nan mai yashi-yashi da ake yayi yanzu, shi ya sa na ce bari na zauna na yi maka bayani da kyau, tunda aikin da nake ci da shi kenan a nan birnin Hustan na jihar Teksas a Amurka, rufin gidaje.

Su nan yawancin gidajensu ba kwano ba ne, shingil ne. Wasu falle-falle ne da ake yi da zaren gilashi a jiƙa shi da kwalta sannan a barbaɗa masa ƙananan tsakuwa a sama. Sai a shimfiɗa falankin katako a kan rafta, a sa takardar hana ruwa, a zo ana jera shingil ɗin ɗaya kan ɗaya ana harba ƙusa da bindigar iska, in ma'aikata sun cika a yini ɗaya ko biyu an gama gida guda har an share ƙusoshin da suka zube da maganaɗisu. Ana cewa yana shekara 20 zuwa 30, amma a Teksas rana da ƙanƙara ba sa barinsa ya kai haka, kuma sauya rufin gida matsakaici sai ya haura dala 10,000, shi ya sa kowa yake riƙe da inshora da takardar garanti ta kamfani. Wajen tsari kam sun yi mana nisa, komai a rubuce, ba wanda zai ce maka kaurin kwano 0.55 ne ya kawo maka 0.45. Amma wajen ƙarko wallahi alminiyon mai kauri da muke sakawa a gida ya fi shingil, a nan ma wanda ya yi rufin ƙarfe mai kuɗi ne.

To ga inda maganar take. Tsakanin silin da rufi akwai sarari, kamar dai namu, kuma hanya biyu suke bi su hana zafi shigowa ɗaki. Ta da can ita ce a zuba audugar gilashi mai kauri a kan silin, sannan a bar ƙofofin iska a ƙarƙashin bakin rufi da kuma can ƙololuwa, iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama da zafin. Dokar gininsu har lissafi ta yi, faɗin ƙofofin ya kai kashi 1 cikin 150 na faɗin silin, ko 1 cikin 300 in an raba su daidai sama da ƙasa. Ta biyun kuma sai a toshe duk ƙofofin a fesa soso, wani ruwa ne da yake kumbura ya daskare, a jikin falankin rufin ta ciki. Tun 2006 dokar ginin gidaje ta yarda da wannan. Dalilinsu shi ne a nan kudu injin esi da bututun da ke raba sanyi ɗaki-ɗaki a cikin silin ake ajiye su, wurin da da rani yake kai digiri 55 zuwa 60 a lissafinmu na gida, ka ga kana biyan kuɗin wuta kana yin sanyi kana bi da shi ta cikin zafi.

Sai masu gida suka shiga tsoro, har yau kuwa kusan duk wanda za a fesa wa soso sai ya yi tambayar nan, wai in an tare zafi ta ƙasa ai ba shi da wurin zuwa, zai koma ya dafa shingil ɗin ya lalace da wuri. Wasu kamfanonin ma sukan rage shekarun garanti in rufin ba iska a ƙarƙashinsa. Kuma ba a bar maganar a baki ba, an auna. Cibiyar binciken hasken rana ta jihar Fulorida ta sa ma'aunin zafi a rufin gidaje, wani masani William Rose na jami'ar Ilinoi shi ma ya daɗe yana gwajin. Abin da aka samu, eh shingil ɗin yana ƙara zafi amma kaɗan ne, da tsakar rana ma ƙarin bai wuce kamar digiri 5 ba, in aka haɗa dare da rana kuwa bai taka kara ya karya ba. A kan rufin da dama yake kai 65 zuwa 70! Abin da ya fi tasiri nesa ba kusa ba shi ne kalar rufin da kuma ɓangaren da yake kallo.

Kuma in ka duba dalilin a fili yake. Da tsakar rana kowace murabba'in mita na rufi tana karɓar kusan wat 1,000 daga rana. Baƙin rufi yana shanye kusan duka, amma mafi yawan zafin nan ta sama yake fita, iska ta kwashe wani, wani ya tashi sama da kansa, ɗan kaɗan ne yake ratsawa ƙasa. To ka toshe ƙaramar hanya ka bar babbar a buɗe, me zai canza a jikin rufin? Ba yawa. Amma ɗan kaɗan ɗin nan da ke ratsowa shi ne yake hana mu barci a ɗaki, shi ya sa tare shi yake da riba sosai. Kala kuwa tun daga bakin ƙofa take mayar da rana, kamar dai wanda ya sa farar shadda da wanda ya sa baƙa suka tsaya a filin Idi. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce rufi mai mayar da haske yana iya fin baƙi sanyi da sama da digiri 28.

Wannan ne yake damuna da Kano, Yaya. Su da suke da wuta dare da rana da esi a kowane gida suna gardama a kan digiri 5, mu kuma da a watan Afrilu zafi yake haura 40, ga wuta ba tabbas, mun koma ɗora baƙin kwano da ruwan toka mai duhu, a cika masa tsayi don a hango shi daga titi, a rufe ko'ina ruf ba ƙofar iska ko ɗaya, a ƙasa kuma fi-bi-si siriri ko fi-o-fi ba komai a kansa. Kuɗin da ake kashewa a katakon tsayin nan kaɗai a Na'ibawa 'Yan Katako da ya isa a sayi abin tare zafi. Daga baya sai sola da batir da fanka, yara da tsofaffi suna kwana cikin gumi, ga azumi in ya faɗo a bazara. Kakanninmu da suka yi soro da azara da ƙasa mai kauri sun san abin da suke yi, ka shiga Gidan Makama da rana ka ji. Gaskiya soro yana riƙe zafi ya sake shi da dare, shi ya sa ake fitowa tsakar gida a kwanta, kuma yana son yaɓe duk shekara, ban ce a koma can ba, amma dai sun yi gini da sanin ranar garinsu.

Ko a Indiya, birnin Ahmadabad, bayan zafin 2010 ya kashe sama da mutum 1,000 sun fito da tsari a 2013, daga baya suka shiga shafa wa rufin gidajen talakawa farar ƙasa da farin fenti. Abin da ba ya buƙatar dala.

Ni dai shawarata ka canza kalar, ka ɗauki fari ko ruwan madara ko wata mai haske. Na san za ka ce ƙurar hunturu za ta ɓata shi, haka ne tana rage masa aiki, amma ruwan farko yana wanke mafi yawa kuma fari mai ƙura har gobe ya fi baƙi. Kar kuma ka yarda da cewa kwano zalla mara fenti ya isa don yana ƙyalli, ƙarfe tsirara ba ya sakin zafi da sauri, in ya fara tsatsa kuma ya zama mai duhu.

Soson feshi ban ba ka shawararsa ba. Yana da tsada, sai an sami wanda ya iya haɗa sinadarin daidai, yana ɓoye yoyo har katako ya ruɓe ba ka sani ba, kuma yana cin wuta, a nan dole a rufe shi da abin kare gobara, mu kuwa ka san yadda ake watsa waya a cikin silin. Tunda ba injin esi za ka ajiye a sama ba, tsohuwar hanyar ta fi maka, a shimfiɗa audugar gilashi ko makamancinta a kan silin ta rufe ko'ina ba giɓi, mai aikin ya sa safar hannu da takunkumi don tana ƙaiƙayi. Ka tambaya a Ƙofar Ruwa ko wajen masu harkar esi. In ka samu takardar alminiyon mai ƙyalli da ake sawa ƙarƙashin kwano ita ma tana taimakawa, amma sai an bar mata sarari, kuma fuskar mai ƙyallin ta kalli ƙasa, in ta kalli sama ƙura za ta kwanta mata ta daina aiki. Kuma kar wani ya tsorata ka da cewa tare zafi zai ƙona kwanon, shingil mai kwalta ma ɗan kaɗan ya ƙara balle ƙarfe.

Sai ƙofofin iska, don Allah ka tsaya a kan kafinta da kanka ranar, don in ba ka nan zai rufe duka ya ce haka ake yi. A bar su a ƙarƙashin bakin rufi da kuma sama, a sa musu raga mai ƙarfi saboda jemagu da ɓeraye da tantabaru, kuma a ɗaure raftan da kyau a jikin ginin saboda iskar farkon damina. In ka turo min awon gidan zan lissafa maka faɗin da ya kamata su kai.