Mai rubuta kod da hannunsa da mai barin AI ya rubuta masa: ina bambancin yake?

Wani ɗan'uwa ya ce ya kai wata shida yana koyon yarukan shirya manhaja na Python da JavaScript, sai ga ChatGPT yana rubuta masa cikin daƙiƙa goma abin da yake kwana yana fama da shi. Yana so ya san ko ya ci gaba da koyo a tsohuwar hanya, ko ya mayar da hankali kan iya ba AI umarni kawai.

Malam, hanya mafi sauƙi ta ganin bambancin ita ce a ɗora mutum biyu a kan aiki guda. A ce mai shagon atamfa a Kantin Kwari yana son manhajar da za a riƙa saye a biya ta Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet. Na farko ya san kod, yana rubutawa da kansa. Na biyu bai ƙware ba, umarni yake bayarwa yana kwafe abin da aka ba shi.

Ranar farko na biyu ne a gaba, babu ja. Shafin kaya, kwandon saye, fom ɗin rajista, duk sun fito kafin la'asar, na farko ko yana nan yana tsara rumbun bayanai. Alƙaluma ma sun nuna haka: a gwajin da GitHub, dandalin ajiye kod, ya yi a 2022 da mutum 95, masu amfani da Copilot, AI ɗinsa mai taya rubuta kod, sun gama rubuta ƙaramar sabar JavaScript da saurin kashi 55 cikin ɗari fiye da sauran. Sai dai a lura, ƙaramin aiki ne sabo fil, irin wanda aka rubuta sau dubbai a intanet.

Wajen kuɗi ne ake rabuwa. Paystack a kwabo yake lissafi, wato naira 5,000 sai ka tura 500000. Mantawa da ninkawa sau ɗari na nufin mai saye ya ɗauki turmi a naira hamsin. Sannan idan an biya, Paystack na aiko wa sabarka, wato kwamfutar da manhajarka ke aiki a kanta, saƙon tabbaci ɗauke da sa hannu a gurbin da ake kira x-paystack-signature, wanda dole ka sake lissafa shi da dabarar lissafin tsaro ta HMAC SHA512 da mabuɗinka na sirri ka ga sun dace. In ba ka duba ba, kowa na iya turo saƙon bogi cewa ya biya. Haka kuma in sabarka ba ta amsa da 200 ba, wato lambar da ke nuna saƙo ya iso lafiya, za a sake turo saƙon, wanda bai ajiye lambar cinikin yana dubawa ba sai ya aika kaya sau biyu a kuɗi ɗaya. AI ya san duk wannan, in ka tambaye shi zai rubuta daidai. Matsalar ita ce na biyu bai san akwai abin tambaya ba, kod ɗin kuma zai yi aiki lafiya lau a gwaji, domin a gwaji babu ɓarawo. Na biyun ne kuma za ka samu ya bar mabuɗin sirrin Paystack, wanda ya fara da sk_live, a cikin kod ɗin da burauza ke saukewa, ko ya tura fayil ɗin .env, inda ake ajiye mabuɗan sirri, zuwa GitHub don bai sa shi a .gitignore ba, wato jerin fayilolin da ba a turawa.

Wannan ba sabon abu ba ne. Tun 2021 masu bincike a Jami'ar New York suka sa Copilot ya rubuta manhajoji 1,689 a wuraren da tsaro ke da muhimmanci, kusan kashi 40 suka fito da ɓaraka. Manhajojin AI sun inganta sosai tun lokacin, amma har yau sukan ƙirƙiro sunan kunshin kod da babu shi a npm ko PyPI, rumbunan da ake sauke irin waɗannan kunshin daga cikinsu. Mugu na iya rajistar wannan sunan ya cusa masa guba, don haka kafin ka girka komai, buɗe shafinsa ka ga shekarunsa da yawan masu saukewa.

To amma kada a ɗauka na farko ya tsira. Wanda ya ƙi taɓa AI yana ɓata sa'o'i kan abin da ba shi da lada: rubuta gwaje-gwaje masu kama da juna, juya bayanai daga tsari zuwa tsari, haƙo ma'anar saƙon kuskure. A binciken da Stack Overflow, dandalin tambaya da amsa na masu shirya manhaja, ya yi a 2025, kashi 84 na masu amsawa sun ce suna amfani da AI ko suna shirin farawa. A nan ne kuma kashi 66 suka ce babban abin da ke ba su haushi shi ne amsar da ta kusa daidai amma ba ta kai ba. Kuma fa jin kana sauri ba shi ne saurin ba: ƙungiyar METR mai binciken AI ta gwada ƙwararru 16 a 2025 a kan manyan ayyukan da suka saba da su, AI ya ƙara musu lokaci da kashi 19, alhali su suna ganin ya rage musu da kashi 20.

Batun samun aiki shi ne mai ɗaci. Binciken Jami'ar Stanford na 2025 a kan takardun albashi a Amurka ya nuna masu shirya manhaja 'yan shekara 22 zuwa 25 sun ragu da kusan kashi 20 daga ƙarshen 2022, manya kuwa ba su ragu ba. Ba AI kaɗai ya jawo ba, kamfanoni sun rage ma'aikata bayan ɗibar da suka yi lokacin korona. Amma ayyukan da ake horar da sabon shiga da su a da, su ne inji ya fi iyawa yanzu. Ko ɗaya cikin mutanen nan biyu ba shi ake nema ba. Ana neman wanda zai karanta layi ɗari uku da inji ya rubuta ya nuna na ɗari da sha biyu ya ce nan ne matsalar.

Ga yadda za ka raba lokacinka. Duk sabon abu, rubuta shi da hannu sau ɗaya AI a kashe, sannan ka ba shi ya soki aikinka. Ka fi ba da ƙarfi ga SQL (yaren rumbun bayanai), Git (mai adana tarihin canje-canjen kod), yadda HTTP (ƙa'idar musayar saƙo tsakanin burauza da saba) ke tafiya, da rubuta gwaji. In ka sa AI aiki, yanka masa ƙanana, ka faɗi sigar yaren da kake amfani da ita, ka karanta git diff, wato jerin abin da ya canza a kod, kafin kowane ajiya a Git, layin da ba za ka iya bayyana shi da baki ba kada ya shiga. Kada kuma ka liƙa masa bayanan kwastomomi ko mabuɗin sirri, kuma in irin AI ɗin nan ne mai gudanar da umarni da kansa, a rumbun gwaji za ka haɗa shi, ba wanda shago ke ciniki da shi ba.