Faifan Sinatra na 1955: na asali ko na sitiriyon bogi?

A 1955 kamfanin Capitol na Amurka ya fitar da In the Wee Small Hours na Frank Sinatra, waƙoƙi 16, Nelson Riddle ne ya tsara kiɗan. Mono aka ɗauke shi, wato sautin duk ta hanya ɗaya yake fitowa. In ka samu bugun farko mai lafiya, muryar tana tsaye cak a tsakiya, kusa da kai, har numfashinsa kana ji. Matsalarsa shekaru: allurar garmaho ta sha bin yawancin fayafayan, ƙararrakin ƙas-ƙas ba ya rabuwa da su, mai tsabta kuma kuɗinsa ba wasa.

Da sitiriyo, wato sautin da ke fitowa ta hanya biyu, ya yi kasuwa, sai Capitol ya ɓullo da Duophonic a 1961, dabarar mayar da mono kamar sitiriyo. Sautin nan ɗaya ake rabawa biyu, a ɗan jinkirta ɓangare guda, a rage kaurin sauti a wata lasifika, a rage siririn a ɗayar, a zuba amsa-kuwwa. Sai muryar ta baje, kamar mai waƙa a ɗakin da aka kwashe kaya. Bugun Duophonic ya fi araha, amma ni dai gara in jure ƙas-ƙas ɗin tsohon. Duba bangon kafin ka biya, galibi an rubuta Duophonic a jiki.