Kacici-kacici ko abu a hannu: da me za a buɗe darasin auna fahimta?

Malamin ƙaramar sakandare a ƙauyukan Ringim ko Gumel yana da kamar minti 40 ne, kuma biyar ɗin farko su ke nuna ko yara za su bi shi.

Kacici-kacici ba ya cin ko sisi. Ka ce "Baba na ɗaka, gemu na waje", nan take aji zai ɗauka, har mai gyangyaɗi a baya ya ce wuta da hayaƙi. Matsalarsa, masu baki ne ke cinye fagen, kuma idan bai haɗu da labarin da za a karanta ba, an yi raha kawai.

Ni na fi son abu a hannu. Idan rubutun kan noman rani ne, shigo da albasa da ƙasarta, ka ajiye a tebur, ka tambaya: wa ya taɓa ban ruwa? Yarinyar da ba ta cika magana ba za ta bayyana yadda ake yanka fangali, domin aikin gidansu ne. Rubuta kalmominta a allo. Da sun buɗe littafi, sai su riƙa neman inda marubucin ya dace da ita da inda ya saɓa. Sai dai abu a hannu yana buƙatar shiri tun daren jiya.