Na harba Suomi KP/-31: nauyinta ne ya fara gaishe ni

Shekarata biyu ina karatu a Finlan kafin wani abokina ɗan ƙasar ya ja ni filin koyon harbi, wai sai na taɓa irin bindigar kakansa. Na biya kuɗin harsashi talatin, ba don son raina ba.

Da dattijon da ke kula da mu ya miƙo min ita, saura kaɗan ta suɓuce. Ko harsashi babu tana kai kilo 4.6. In aka maƙala mata zagayayyen gwangwanin nan mai cin harsashi 71, sai ka ji kamar ka rungumi taɓarya. Amma nauyin nan shi ne daɗinta. Na danne kunama ina jiran ta bugi kafaɗata, sai ta ɗan motsa kawai. Harsashinta na ƙaramar bindiga ne, milimita 9, ga gangar jiki ta ƙarfe zalla da gindin katako. Ni da ban taɓa harbi ba, yawancin harsasaina sun taru a tsakiyar takarda.

Aimo Lahti ne ya ƙirƙiro ta, sojojin Finlan suka karɓe ta a 1931, masana'antar Tikkakoski ta riƙa ƙerawa. Suomi ma sunan ƙasar ne a harshensu. A Yaƙin Hunturu na 1939 zuwa 1940 ta yi suna: 'yan tsirarun sojoji kan sandunan zamiya a ƙanƙara su ɓullo daga daji cikin fararen kaya, su buɗe wa ayarin Sobiyet wuta, su ɓace. Rashawa sun ji a jikinsu, har suka kwaikwayi gwangwanin a bindigarsu PPSh-41.

Dattijon ya murɗa wani ƙarfe, ya zare bututun gaba ɗaya cikin daƙiƙu. Ya ce ƙarfen sassaƙa shi ake yi da inji, shi ya sa take cin lokaci da kuɗi. A 1944 dole Finlan ta koma ƙera wata mai araha, kwaikwayon PPS-43 ta abokan gaba.

Ƙorafina ɗaya ne. Wadda suka ba mu an mayar da ita mai harbi ɗai-ɗai, kuma ba a faɗa mana ba sai da muka biya. Ruwan harsashi kusan 900 a minti da ake labari, a bakin abokina kawai na ji shi. Washegari kuwa damtsena na hagu ne ya yi tsami, kafaɗa lafiya lau.