Sharhi Kan Kwas ɗin Dokar Tsarin Mulkin Birtaniya na Ajin Farko

Na kammala kwas ɗin share fage kan tsarin mulkin Birtaniya da dokokin gudanar da gwamnati, wanda ake yi a shekarar farko ta digirin lauya a wata jami'a a Ingila. A ganina kwas ne mai kyau ƙwarai, kwalliya ta biya kuɗin sabulu, sai dai rabon lokacinsa yana buƙatar gyara.

Ga yadda aka tsara shi: lacca biyu a mako, kowacce awa ɗaya, sai zaman tattaunawa na ƙaramin rukuni duk bayan mako biyu. Kafin kowane zama ana ba da hukuncin kotu biyu ko uku a karanto. Wanda ya zo bai karanta ba zai zama ɗan kallo, domin malamin tambaya yake jefowa, ba bayani yake yi ba.

Makonnin farko sun fi komai daɗi, kuma nan ne ɗalibin da ya taso a Najeriya yake fara tuntuɓe. Mu mun saba da kundin tsarin mulki na 1999, wanda sashensa na farko ya ce duk dokar da ta ci karo da shi ta rushe. Birtaniya ba ta da kundi guda irin wannan. Tsarin mulkinta a warwatse yake cikin rubutattun dokoki, irin su Magna Carta ta 1215 da Dokar 'Yanci ta 1689, da hukunce-hukuncen kotu, da ragowar ikon gadon sarauta wanda ministoci ke amfani da shi, da kuma al'adun siyasa waɗanda kotu ba ta tilasta bin su. Misali, babu dokar da ta hana sarki ƙin sa hannu a kan ƙudurin majalisa, amma rabon da a yi hakan tun 1708, zamanin Sarauniya Anne. Ginshiƙin komai shi ne fifikon majalisar dokoki: tana iya yin kowace doka ko ta soke ta, kuma babu kotun da za ta soke dokar majalisa. Duk wanda ya rubuta a jarrabawa cewa Kotun Ƙoli ta rushe wata dokar majalisa, to ya zubar da makinsa tun a layin farko.

Abin da ya burge ni shi ne yadda ake koyar da ƙa'ida ta bakin shari'a. Ba a ce maka haddace ma'anar ɗaukakar doka ba, wato cewa kowa, har gwamnati, yana ƙarƙashin doka, sai a miƙo maka shari'ar Entick ta 1765, inda 'yan saƙon sarki suka kutsa gidan wani marubuci da takardar izini daga minista, suka kwashe takardunsa. Kotu ta ce a nuna dokar da ta ba ministan wannan iko, aka rasa. Daga nan a tsallako zuwa shari'ar Miller ta 2017, inda alƙalai takwas cikin goma sha ɗaya suka ce gwamnati ba za ta fara ficewa daga Tarayyar Turai ba sai da dokar majalisa, sai ta 2019 wadda alƙalai goma sha ɗaya suka haɗu a kan cewa dakatar da majalisa na mako biyar da Boris Johnson ya nema ya saɓa doka. Kana ajiye su gefe da gefe za ka ga zare ɗaya ne ya ɗinke su.

Dokar Haƙƙin Ɗan Adam ta 1998 ma an yi mata adalci. Sashe na 3 ya umarci kotu ta fassara doka yadda za ta dace da haƙƙoƙin in da hali. In ya gagara, sashe na 4 ya ba manyan kotuna damar ayyana cewa dokar ba ta dace ba. Amma dokar tana nan daram sai majalisa ta ga dama ta gyara, kamar yadda ya faru bayan shari'ar Belmarsh ta 2004 kan tsare baƙi ba tare da gurfanarwa ba. Ɗalibai da yawa suna cakuɗa sassan nan biyu.

Inda kwas ɗin ya gaza shi ne ƙarar matakan hukumomi a gaban kotu. An tura shi can ƙarshen zango, aka yi shi a gurguje, alhali shi ne ɓangaren da lauya zai fi amfani da shi, kuma daga cikinsa ake fitar da tambayar warware matsala a jarrabawa, inda ake ba ka labarin wani rikici a ce ka warware shi da doka. Tambayar tana da tsani, kuma sai an bi shi daki-daki: shin wanda ake ƙara hukumar gwamnati ce? Mai ƙara yana da isasshen ruwa da tsaki a lamarin? An shigar da ƙarar da gaggawa, cikin wata uku? Sannan a zo kan dalilai ukun ƙalubalantar mataki da alƙali Lord Diplock ya jera a shari'ar GCHQ (hukumar leƙen asirin sadarwa ta Birtaniya) ta 1984: wuce iyakar doka, rashin hankali a mataki, da karya ƙa'idar aiki kamar ƙin jin ta bakin mutum. Daga ƙarshe a faɗi umarnin da ake nema. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗalibi ya hau gardama kan ko matakin yana da kyau. Kotu ba wannan take dubawa ba. A shari'ar Wednesbury ta 1948 ƙaramar hukuma ta hana yara 'yan ƙasa da shekara 15 shiga silima ranar Lahadi, kuma kotu ta bar sharaɗin, domin bai kai munin da za a ce babu hukuma mai hankali da za ta gindaya shi ba.

Batun miƙa iko ga Scotland da Wales da Ireland ta Arewa an taɓa shi sama-sama, lacca biyu kawai.

Wani gargaɗi ga mai sayen littafi na hannu: fannin nan yana sauyawa da sauri. Dokar 2011 da ta ƙayyade wa'adin majalisa an soke ta a 2022, kuma babin dokokin Turai ya canza tun bayan ficewar 2020. A duba shekarar bugu kafin a biya kuɗi, sannan a riƙa karanta hukunci daga shafin Kotun Ƙoli kai tsaye, kyauta ne, kuma kowanne yana zuwa da taƙaitawa ta shafi biyu ko uku.