Lesin ɗin turanci da nake zuwa a Samaru

Wata biyu kenan ina zuwa wani lesin na yamma a Samaru, kusa da babban get ɗin ABU, kuma gaskiya kuɗina bai tafi a banza ba. Malamin da Hausa yake fara nuna maka tushen kuskurenka. Ni dai tun firamare "borrow me your biro" nake cewa, ashe dan mu kalma ɗaya ce aro, ko ka ara ko ka ba da, su kuwa mai karɓa borrow, mai bayarwa lend. Haka kalmar ji, mu sauti ma ji ne, wari ma ji ne, zafi ma ji ne, shi yasa wani zai ce "I hear smell" alhali hear na kunne ne kawai, smell na hanci, feel na jiki, wallahi ranar da ya warware wannan sai da ajin ya yi tsit. Advice suna ne, advise aikatau, wannan kuma sati guda muka yi akai.

Ɗakin dai ya yi ƙanƙanta, in aka ɗauke wuta zafi ba magana. Masu shirin WAEC ku je da wuri dan bencin gaba saurin cika yake.