Tebur mai zamiya na injin zarto: kayan gyara da saiti a Damagaram

Kafintan da aikinsa kabad ne da kanta da kayan ɗakin amare, teburin nan mai zamiya da ake ɗaurawa a hagun injin zarto ya cancanci kuɗinsa, ko da na hannu ne. Nawa ma na hannu ne, cikin kayan Turai ya zo, ba takarda, ba lambar da za a nemi kamfaninsa. Allon filawud ko MDF, wato allon garin katako da aka matse, faɗinsa milimita 1220 ne, tsawonsa 2440. A da sai yara biyu sun tallafe shi ina turawa, kuma da wuya gefen ya fito daidai. Yanzu ni kaɗai nake yanka shi ta faɗi. Ta tsawo kam bai kai ba, gudun teburin ya ƙare kafin allon ya ƙare, wannan kuwa ba laifinsa ba ne, girmansa ke nan.

Sai dai yadda ya iso hannuna, ba ya aikin komai. Yana tafiya yana ƙugi, in ka kama kusurwarsa ka girgiza sai ka ji yana rawa. Mai sayarwa ya ce mai kawai yake so. Ba mai yake so ba.

Teburin yana gudu ne a kan ƙananan rulma, wato boris, waɗanda suka rungumi wata doguwar sandar ƙarfe sama da ƙasa. Da na kwance su na goge, sai ga lamba a jikin kowane: 6201. Lambar nan ita ce ta sauƙaƙa mini komai, domin ba ta wani kamfani ɗaya ba ce, awo ne da duniya ta yarda da shi: ramin ciki milimita 12, faɗin waje 32, kauri 10. Masu kayan babur a nan cikin gari suna da shi, ba sai an aika Kano ba. Abin lura shi ne haruffan da ke bin lambar. Mai ZZ murfinsa na ƙarfe ne, akwai ƴar kafa tsakaninsa da zoben ciki. Mai 2RS murfinsa roba ne, ya toshe. A garin da ƙurar hunturu take shiga har cikin akwati rufaffe, ga kuma garin MDF da ya fi ta laushi, mai roba shi ne namu. Ya ɗan fi nauyin juyawa, amma tebur ba babur ba ne, ba gudu yake yi ba. Ingancinsu kuma ya bambanta ƙwarai ko da kwalin iri ɗaya ne. Ni dai ina sa yatsa a ramin in juya a hankali, wanda na ji tsakuwa-tsakuwa a cikinsa in mayar wa mai shago.

Wahalar tana wurin kusoshin da rulman ƙasa suke zaune a kai. Ba kusoshi ba ne irin na kowa: wuyan da rulma yake hawa ya kauce daga tsakiyar zaren, da gangan. Idan ka juya kusar, rulman ya matso sandar ko ya janye, da haka ake kashe rawar teburin. Biyu daga cikinsu sun cinye. Na sa an duba mini a Ƙofar Ruwa da Sabon Gari a Kano, aka ce ba su taɓa ganin irinsu ba. Dama ban so dogara da Kano ba, duk da bai fi kilomita 240 ba daga nan. Wanda ya yi sana'a lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024, ya san yadda ƙaramin ƙarfe yake tsayar da shago.

Wani dattijo mai injin fiƙe ƙarfe ne ya raba ni da wahalar kusoshin nan. Na kai masa lafiyayyar guda ɗaya a matsayin samfuri. Ya jujjuya ta, ya auna, ya ce, "Ɗana, wannan karkacewar ita ce aikin, in na miƙe ta na ɓata maka." Na ce, "Haka ne, Baba, shi ya sa na zo wurinka." Aikinsa ya yi kyau, rulma ya hau wuyan daf ba tare da an doke shi da guduma ba. Inda zan rage masa maki, ƙarfen da ya yi amfani da shi bai kai na asali tauri ba, kan kusar ya fara lotsewa wurin da sifana take kamawa. Lokaci kuma ba ya cikin lissafinsa, "gobe" ɗinsa tana da tsawo, ko da yake rabin laifin na ɗaukewar wuta ne.

Gargaɗi ɗaya kan ƙananan kusoshi. Teburin Turai zarensa na milimita ne, M8, wato kusa mai kaurin milimita 8, tazarar zarensa milimita 1.25. A kasuwa kuwa akan haɗa su kwano ɗaya da na inci, 5/16, wanda kaurinsa kusan ɗaya ne amma tazarar zarensa ta kai 1.41. Zai shiga zagaye ɗaya ko biyu ya cije, in ka matsa masa a jikin alminiyom ya share zaren gaba ɗaya. A je da notin asali a gwada da hannu a gaban mai kaya.

Saiti kuwa yana da jeri, kuma a zare wuta daga soket kafin a fara. Da fari a kashe rawa: a juya kusoshin nan har teburin ya daina girgiza, amma rulman ƙasa ya kasance kana iya tsayar da shi da yatsa yayin da teburin yake tafiya. In ya fi haka matsewa, sandar yake ci. Sannan tsayi. Mai zamiyar ya ɗara teburin injin da kamar kaurin takarda biyu, wajen milimita 0.2, don katako ya tafi a kansa ba ya gogar ƙarfen da ke tsaye. Gwangwanin lemo da aka yanka da almakashi shi ne abin cikon da na fi jin daɗinsa. A duba tsayin nan a farkon gudu da tsakiya da ƙarshe, domin ƙafar da ke tallafe teburin tana kan daɓe, daɓen shagunanmu kuwa kowa ya san halinsa.

Bayan nan a daidaita hanyar teburin da faifan zarto. Ka sa wa haƙori ɗaya alama, ka manne guntun katako a kan teburin har ya taɓa haƙorin a gaba, ka juya faifan haƙorin ya koma baya, ka tura teburin ka gani. A baya ya kamata ya bar ƴar kafa da ba ta wuce kaurin takarda ɗaya ba. Idan a baya ne ya fi matsewa, haƙoran da ke tasowa za su riƙa ƙona gefen katako, kuma su ne suke ɗaga shi su wurgo maka.

Na ƙarshe, sandar jingina katako, wadda take ba da kusurwa. A nan sikwayar kasuwa, wato ma'aunin kusurwa, ba ta isa shaida ba, ita kanta tana bukatar mai shaidarta. Yanka biyar ya fi. Ka ɗauki allo mai kusurwa huɗu, ka yanke gefe ɗaya, ka juya shi sabon yankan ya jingina da sandar, ka yanke na biyu, haka har huɗu. A na biyar ka fitar da siririn tsinke daga gefen farko, ka auna faɗinsa a kai da gindi. Bambancin da ka gani kuskuren ne ya taru sau huɗu, sai ka raba shi huɗu ka san yawan kuskuren a kan tsawon tsinken, ka gyara sandar daidai da haka. Tun da na yi wannan, ƙofofin kabad suke haɗuwa ba a bi su da kankarewa.

Mai kuwa, kada ya kusanci sandar da rulma suke gudu a kai. Mai da garin katako da ƙura in sun haɗu kwaɓi suke zama, rulma ya riƙa tsalle a kai. Busasshen tsumma kullum da yamma, sai a ɗan goga kyandir. Auduga mai share sandar da ke bakin teburin ta ƙare, na yanko guntun tsohon bargo na maye gurbinta, tana yi.

Abin da har yanzu yake damuna shi ne wuri. Teburin ya cinye kusan rabin shagon, yara sai sun raɓa bango. Kuma da zafin watan huɗu da na biyar nakan sake duba saitin, tunda alminiyom yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe.

Mai niyyar sayen na hannu, ya fara shafa sandar da yatsa daga farko har ƙarshe kafin ya yi ciniki. Tawa tana da ɗan kwari a tsakiya inda rulma ya fi zirga-zirga. Da yake zagayayya ce, na kwance ta na ɗan juya ta, rulma suka hau sabon wuri. Wadda aka riga aka juya, ko wadda ta lanƙwashe, ban ga mai madadinta ba a Damagaram ko Kano, dattijon nan ma ya ce tsawonta ya fi ƙarfin injinsa.